Daga Shika Zuwa Vom: Abin da Dabbobinmu Ke Ci Yanzu

Da kaka, hanyar Kano zuwa Zariya ba ta rabo da motocin harawa. Tun daga Kura muka fara cin karo da su, wata akori-kura an lafta mata damman harawar wake har ta karkace, wata kuma karan dawa ne aka ɗaure mata har saman kai. A wajen Kadawa, karan shinkafar da a da ake cinna wa wuta bayan girbi shi ne yanzu ake tarawa tsibi-tsibi, ana jiran mai saye. Ni da yayana ne a motar. Shi yana kiwon kajin ƙwai a bayan gari, Jos za shi ya duba 'yan kajin da suka kusa fara ƙwai, ni kuma na bi shi don na daɗe ina son ganin wannan hanya da idona.

Muna yara, idan an kawar da amfanin gona, manomi ne ke aika wa Bafulatani ya zo ya sauka a gonarsa. Shanu su ci kara da karmami, su bar masa taki, har ya ƙara wa makiyayin da damin dawa na godiya. Yau manomin nan ba ya barin ko kara ɗaya a gona. Yana da tumakinsa da shanun huɗarsa, abin da ya rage kuma kuɗi ne a kasuwa. Ba na ganin laifinsa. Amma duk wanda ke son fahimtar halin da kiwo ke ciki a Arewa, daga nan ya kamata ya fara: abincin dabba ya daina zama kyauta.

Mun ratsa Zariya muka wuce Samaru zuwa Shika, inda Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa take, a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Gonar ta girmi jami'ar nesa ba kusa ba, don tun 1928 Turawa suka kafa ta a matsayin gonar gwajin shanu. Wani abokin Yaya, malamin dabbobi da ya yi ritaya yana zaune a Samaru, shi ya yi mana jagora. Ya nuna mana fararen shanun Bunaji masu baƙin kunne, da 'ya'yan da aka samu ta hanyar haɗa su da shanun madara na Turai. A nan ne kuma aka samar da kazar ƙwai mai suna Shikabrown, wadda aka yi domin ta jure yanayinmu. Yaya ya tsaya tambayoyi a kan kazar, ni kuwa filayen ciyawa ne suka ɗauke mini hankali: gamba da aka shuka layi-layi kamar dawa, da wake mai yaɗo da ake nomawa don dabba kawai, da ramin da ake binne ɗanyar masara da ganyenta a rufe ta har rani.

"Ka ga wannan?" in ji malamin. "Kowa ya zo wurina bijimi yake tambaya. Da wuya ka ji wanda ya ce, Malam, ina zan samu irin ciyawa."

Ya yi gaskiya. Saniyarmu ta gida, a kiwon daji, da kyar take ba da lita ɗaya zuwa biyu a rana bayan abin da maraƙi ya sha. 'Yar haɗin za ta ninka haka sau da yawa, amma fa sai ta ƙoshi, ta sha ruwa mai tsabta, an kuma kare ta daga kaska da sammore. In ba haka ba, Bunajin da aka raina ta fi ta daɗewa a duniya.

Daga Zariya muka kama hanyar Jos. Bayan Soba muka tsaya a gindin wata ɗorawa inda matan Fulani ke zaune da ƙoransu a rufe da faifai. Wata dattijuwa ce ta dama mana fura. Na ce, "Inna, yaya nonon bana?" Ta ce nono yana nan tunda damina ba ta daɗe da ɗaukewa ba, amma nan da wata biyu samari za su kora shanu kudu neman ciyawa, sai a bar musu 'yan ƙalilan a ruga. Daga nan sai ƙwarya ta koma rabi. Ta ce da rani 'yan'uwanta da yawa madarar gari suke saya a buhu, su dama su kwana da ita ta zama kindirmo, don kada abokan ciniki su watse.

Wannan magana ta tsaya mini a rai. Mace tana zaune a tsakiyar garke, amma abin da take sayarwa ya ƙetaro teku. Yawancin madarar garin nan mai arha ma an cire mata manta na asali a Turai, an maye shi da man itatuwa. Gwamnati da bakinta tana cewa Najeriya na kashe kusan dala biliyan ɗaya da rabi duk shekara wajen shigo da madara. A 2020 Babban Bankin ƙasa ya taƙaita ba da dala don shigo da ita ga wasu kamfanoni shida da suka yarda su zuba jari a kiwon cikin gida, sannan aka janye takunkumin a 2024. Ɗaya daga cikin abin da wancan yunƙuri ya haifar yana kusa da inda muke zaune: a Damau, cikin ƙaramar hukumar Kubau, kamfanin Arla mai madarar Dano ya buɗe gonar madara a 2023, da shanun da aka kawo daga ƙasar Denmak.

Ina murna da irin wannan gona, domin mutanenmu za su ga yadda ake yi. Sai dai damuwata tana wurin dattijuwar nan. A al'adar ruga, shanu na maigida ne amma nono na mace ne. Da kuɗinsa take sayen gishiri da sabulu da kayan ɗakin 'yarta, ba tare da ta roƙi kowa ba. Idan cibiyar tattara madara ta zo, ta rubuta sunan maigida, kuɗi suka riƙa faɗawa asusunsa na banki, to an ƙara yawan madara amma an karɓe wa mace abin hannunta. Duk wanda zai kafa irin wannan cibiya, sunan mai tatsar ya kamata ya rubuta. Kuma ya kawo tankin sanyi mai aiki da hasken rana kusa da ruga, domin madarar da aka tatsa da asuba ba ta kai azahar a zafinmu.

Pambeguwa muka wuce ba tsayawa. Daga nan har Saminaka, ko'ina ka duba masara ce, wata a tsaye ta bushe, wata an baza ta a kan tamfal, injinan casa suna ta ƙara. Nan ne Yaya ya farfaɗo. A kasuwar Saminaka ya riƙa cusa hannu cikin buhu, ya ɗebo tsaba ya ciza don ya ji ko ta bushe. Masara ita ce fiye da rabin abincin kaza, sai waken suya da dusa da ɗan garin ƙashi da sinadarai. Shi ya sa dillalan kamfanonin abincin kaji ke cika wannan kasuwa, har da na katafaren injin da kamfanin Olam ya buɗe a Chikun a 2017. Tirela bayan tirela ake lodawa, wasu Kaduna, wasu Jos, wasu har Ibadan.

Yaya ya sha wuya a shekarun nan. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, ƙwai ya taru masa kiret a kan kiret babu mai saye, mai shayi ba shi da tsabar kuɗi, kaza kuma ba ta san an canja kuɗi ba, kullum sai ta ci. Bai gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a watan Mayu, masara ta yi tashin da ba a taɓa gani ba har cikin 2024. Da yawa daga abokan sana'arsa suka sayar da kajinsu suka rufe ɗakuna. Shi ya rage nasa ya daure. Da farashin masara ya sauko daga baya, masu kaji suka numfasa, sai kuka ya koma gidan manomi. Wani dattijo mai sayar da masararsa ya ce wa Yaya, "Alhaji, ka tambayi kuɗin takin zamani kafin ka taya." Yaya bai ja cinikin da nisa ba. Ya sani sarai, in manomin nan ya yi asara bana, baɗi ba zai shuka ba, kuma kajin ne za su fara ji a jikinsu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Daga Jingir mota ta fara hawa, iska ta canja, muka ɗaga gilasai. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma wannan sanyi shi ne jarin masu kajinta. A Kano, watan Afrilu na iya kashe kaji a ɗaki da rana tsaka, waɗanda suka rayu kuma su rage ƙwai. A nan ba su san wannan ba. Ga kamfanonin abincin kaji a Bukuru, har da mai Vital Feed da kowane mai kaji a Arewa ya san buhunsa. Shi ya sa ƙwan Jos ke zuwa har Abuja da Bauchi da Maiduguri.

Gonar da muka je ta wata mata ce, tsohuwar malamar makaranta, a bayan Bukuru. Tun daga ƙofa ta tsayar da mu. "Alhaji, ku yi haƙuri, sai kun taka ruwan maganin nan. Kuma kai da kake da kaji a gida, daga taga za ka leƙa." Yaya ya ce, "Mama, da kin bar ni na shiga da na fasa saye." Duk wanda ya yi kiwo a 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a wata gona a Jaji, karo na farko da aka ga nau'inta na H5N1 a nahiyar Afirka, ko a 2015 da ta dawo ta yi ɓarna a Kano da Filato, ba ya wasa da ƙofar ɗakin kaji. Ta ce 'yan tsakinta daga Ibadan ake kawo su cikin dare a kwali, ta raine su da gawayi, sai sun kusa wata biyar su fara ƙwai. Wata biyar kenan na ciyarwa babu ko sisi da ke shigowa, shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi suka fi karkata ga kajin nama da ke isa yanka cikin mako shida zuwa bakwai, ko kajin haɗi irin Noiler da ke iya kiwo a tsakar gida.

A bayan ɗakunan na ga buhuna jere, na ɗauka abinci ne. Ashe kashin kaji ne. Masu noman dankalin Turawa da kabeji da karas suna biyan kuɗinsa tun kafin a kwashe, saboda tsadar takin zamani. Ta ce akwai watannin da kashin ne ya biya ma'aikatanta albashi.

Vom ba ta da nisa daga nan. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa tana nan tun 1924, tsofaffin gine-gine na dutse cikin dogayen itatuwa. Bushiya ce ta sa aka kafa ta, annobar da ta share garkunan Fulani a ƙarshen ƙarni na 19, ta kuma sake dawowa a farkon shekarun 1980. Allurar da aka riƙa yi a nan tana cikin abin da ya karya lagonta, har aka shelanta a 2011 cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Har yanzu suna yin rigakafin ciwon huhun shanu da na tumaki da awaki da na kaji. A garin kuma akwai kamfanin madara mai yin yogot ɗin Farm Fresh, da garkensa da filayen ciyawarsa a killace.

Daga kan tudun Vom, in ka dubi kudu, ƙasar Riyom da Barikin Ladi ce. Ƙasa mai ciyawa da ruwa da sanyi, wadda babu ƙudan tsando sosai, wadda ta fi ko'ina dacewa da shanun madara a ƙasar nan. Ita ce kuma ƙasar da aka zubar da jinin manoma da makiyaya shekara da shekaru, aka ƙona gidaje, aka sace shanu, aka sare amfanin gona. Na tsaya ina kallonta zuciyata ba daɗi. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa tun 1965 take, amma yawancin makiyayun da burtalolin da aka shata an nome su ko an gina su. A 2024 an kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta Tarayya. Abin da nake fata daga gare ta shi ne ta fara da irin ciyawa da rijiyoyi da takardar fili ga makiyayin da ke son zama wuri ɗaya, kafin maganar shigo da shanun waje.

Kafin mu bar Vom, Yaya ya shiga wurin sayar da rigakafi. Ban da na gonarsa, ya sayi wani da ake ɗiga wa kajin gida a ido, na cutar nan ta hunturu mai sa kaza koren zawo ta murɗe wuya, irin wanda aka yi shi don ya ɗan jure zafi a ƙauyen da babu firji. Na mahaifiyarmu ne da maƙwabtanta a ƙauye, waɗanda duk shekara cutar ke share musu akurki ana dab da lokacin da kaza ke tsada. Aka jera mana kwalaben cikin kula, aka cika da ƙanƙara, mai sayarwar ya ja mana kunne kada mu buɗe sai mun isa. Saboda haka ba mu koma ta Zariya ba, muka yanke ta Saminaka da dajin Falgore zuwa Tudun Wada, don mu shiga Kano kafin magariba.