Gwangwanayen duniyoyi, mako na huɗu: na Mushtari ya haɗu

Salamu alaikum ƴan uwa abokan koyo, da fatan kun tashi lafiya, ga inda aikin gwangwanayena ya kai a nan Tawa. Ga wanda bai bi mu tun farko ba, gwangwanin madara nike samu iri ɗaya, in zuba yashi a ciki daidai yadda kilo guda na sukari zai yi nauyi a hannu in an kai shi wata duniya. Na Ƙasa kilo 1, na wata gram 165, na Mirrihi (Mars) gram 380, waɗannan duk sun gama tun wancan mako.

Na Mushtari, wato duniyar Jupiter, ne ya ba ni wuya. Kilo 2 da rabi nike nema, na cika gwangwanin da yashi har baki na dandanna amma bai kai ko kilo 2 ba, sai da na je wajen wani mai walda a unguwarmu ya tara min guntayen ƙarfe da tsoffin ƙusoshi, Allah ya saka mishi, na zazzage rabin yashin na cusa su sannan sikeli ya nuna. Ƙanena da ya ɗauki na wata da hagu na Mushtari da dama shiru ya yi, ya ce "Yaya, ai wanga tiyar gero ce guda". Kuma haka ne, kusan tiya ce.

To amma akwai gyara. Wancan mako na ce muku tunda Mushtari ya ninka Ƙasa sau 318 wajen yawan abin da ke cikinshi, to nauyin mutum ma sau 318 zai ninka. Ba haka ba ne, wanda ya rubuta a kayensa ya goge don Allah. Na manta da nisa. Faɗin Mushtari ya ninka na Ƙasa sau 11 da ɗan wani abu, kenan wanda ke saman gajimarensa ya yi nisa ƙwarai da tsakiya, kuma ƙarfin jan nan raguwa yake da nisa ninki cikin ninki, sai ka ninka 11.2 da kanta ka samu wajen 125, ka raba 318 da 125, ga 2.5 ta fito. Da na ga ta fito a takarda daidai da abin da masana sunka auna wallahi daɗi ya kama ni. Zuhal (Saturn) ma haka, ya ninka Ƙasa sau 95 wajen yawan abin da ke cikinshi amma nauyinka can kaɗan zai ɗara na nan.

Sau biyu da rabi ma ba wasa ba ne. Bidon ruwa na lita 25 da yara ke turowa a kura zai koma kamar kilo 63, mutum mai kilo 70 ƙafafunsa su ɗauki kusan 177, ku tuna masu jan guga a rijiyoyinmu masu zurfi na Adar. Ga shi babu ma ƙasar takawa, iska ce ta haidurojin da hiliyom, sai dai ka yi ta nutsewa. Wani abu da na lura ina tsaye gaban mahauci, sikelinsa mai kwano biyu ko an kai shi can kilo guda zai nuna, don nama da dutsen awo tare za su yi nauyi, sikeli mai sifirin ne kaɗai zai tona asiri.

Wata ƴar uwa ta tambaya ko Mushtari na rage mana nauyi in yana saman kai da dare. Ko lokacin da ya fi kusa da mu wajen kilomita miliyan 600 ne tsakani, abin da yake canzawa a nauyinki bai kai ƙwayar gero guda ba, ko kusa. Amma da za a ajiye shi inda wata yake, kilomita 384,000, faɗinsa a sama zai ninka na wata sau 40, tasowar teku da wata ke yi ta ƙaru sau 25,000, mu ne ma za mu koma kewaya shi cikin ƙasa da kwana biyu. Io, ɗaya cikin watanni huɗu masu kewaya Mushtari da masanin taurari Galileo ya gani a 1610, kusan wannan nisan yake da Mushtari, kuma matsawar da Mushtari ke mishi ta sa duwatsu masu aman wuta sama da 400 ke ci a kansa. Tauraro mai wutsiya Shoemaker-Levy 9 ma da ya matso kusa farfashewa ya yi, guntayen sunka faɗa cikin Mushtari a watan Yuli na 1994.

Daren jiya da wuta ta ɗauke na ɗora jumel, madubin hangen nesa mai ido biyu, kan katanga don hannu ya bar rawa, na ga ɗigo uku a jere gefen Mushtari, watannin nan nashi ke nan, na huɗun ya ɓuya. Saura fenti da rubuta suna a gindin gwangwanaye don mai ɗauka ya fara canka tukuna. Wanda ke da sikelin gram a Tawa ya taimaka min da aro ran Lahadi, ina son sake auna na wata.