Kolej ɗin Faransa ba irin wanda na sani a Maraɗi ba ne

Da muka iso Liyon hankalina kwance yake kan karatun ɗiyata, don ai mu ma a Nijar tsarin kolej, wato ƙaramar sakandare, ke nan, daga siziyam (ajin farko) zuwa turwaziyam (ajin ƙarshe) shekara huɗu sannan jarrabawar gama kolej da ake kira birebe, ni kaina haka na yi. Ashe sunan ne kawai ɗaya. A gida ka kai yaro lakol ka bar wa mushe, wato malami, sai ƙarshen zango ka ga sakamako, nan kuwa kai ma uwa ko uba kamar an sa ka a aji ne.

Satin farko suka ba mu lambar sirri ta wata manhaja wai ita Pronote, komai na yaro yana ciki, makin da ya ci bisa 20, aikin gida, malamin da bai zo ba, har surutu in ya yi a aji. Wata safiya bas ta makara, yarinyar ta shiga bayan an rufe ƙofa da minti bakwai, wallahi ban gama wanke kofunan shayi ba saƙo ya shigo wayata. A makarantarsu in makara ta taru sai a tsare yaro awa guda bayan an tashi, kuma dole in sa hannu a ɗan littafin da take nunawa mai tsaron ƙofa kullum.

Abin da ya fi min ciwo shi ne ɗankwali. Tun 2004 doka ta hana sa alamar addini a makarantun gwamnati, na san da haka tun kafin mu zo amma sani daban gani daban. Ranar da na raka ta na ga ta tsaya jikin gilashin wurin jiran bas, ta zare hijabinta ta ninke shi huɗu ta tura aljihun jaka, ta gyara kitsonta da yatsa ba ta ko waiwayo ni ba, na koma gida ina share hawaye. Waya ma haka, dokar 2018 ta hana, a kashe take cikin jaka har a tashi, wannan kam na yi murna da shi.

Karatun ba wasa. Awa 26 a sati, Laraba da rana babu aji amma aikin gida ke cinye ta, a sankiyam (aji na biyu) kuma aka ƙaro yare na biyu bayan Ingilishi, ita ta zaɓi Sifaniyanci. Littattafai aro suke bayarwa kyauta, a mayar ƙarshen shekara. Duk ƙarshen zango malamai su zauna da shugaban makaranta da wakilan iyaye da na ɗalibai a bi yaran ajin ɗaya bayan ɗaya.

Da ta ci 8 a lissafi malamar da ke kula da ajinsu ta kira ni, ta ce Madam kar ki jira turwaziyam, makin nan da abin da muke rubutawa su za su nuna ko za ta lise, wato babbar sakandare, na ilimin gaba ɗaya ko na koyon sana'a. Daga ranar na sa ta cikin awannin da ake taya yara aikin gida a makarantar kyauta, babanta kuma yake zama da ita bayan isha'i ko ya dawo a gajiye. Duk 'yar uwar da za ta zo da yara ina roƙonta ta karɓi lambar Pronote ɗin nan da kanta kar ta bar wa yaro, ta kuma je taron iyaye ko Faransancinta bai nuna ba.

Bana tana turwaziyam, lissafin ya hau 13. Yanzu wurin sitaj, wato ganin yadda ake aiki a wata ma'aikata, na kwana biyar muke nema mata, mai kantin magani na unguwarmu ya ce ta kawo takardar ranar Litinin ya sa hannu.