Rayuwata da Ƙodar Ƙanena, Kashi na 9: Agogon Cikin Jiki

Makon jiya mun tsaya ne a ranar da aka sallame ni daga Asibitin Malam Aminu Kano, inda ake dashen ƙoda tun 2002. Na dawo gida da leda cike da magani da murnar rabuwa da injin wankin ƙoda. Barci ne kawai bai biyo ni ba.

Dare zai raba, unguwa ta yi tsit, ni kuwa ido biyu, daga gado sai bayi. Mutumin da a da yake roƙon Allah ɗigon fitsari, yau buta ba ta hutawa. Inna ta ce a karɓo rubutu. Na sha, amma ranar ganin likita na kai kukana.

"Malam, jiki ma yana da agogonsa," in ji shi. Akwai sinadarin kotizol da wasu ƙananan halittu a saman ƙoda ke fitarwa. Nawa suna nan ba a taɓa su ba, don a mara aka dasa sabuwar ƙodar. Kotizol yana tashi da asuba, ya kai ƙololuwa jim kaɗan bayan an farka, ya faɗi ƙasa tsakar dare. Firednisolon da nake sha danginsa ne, shi ya sa ake ba da shi da safe. Sai dai yana ɗaga suga daga azahar zuwa dare, don haka gwajin safe kaɗai yana iya ruɗar mutum. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, domin ciwon suga ne ya ɗauki mahaifinmu.

Fitsarin kuma, akwai sinadarin da ke ƙaruwa da dare yana sa ƙoda ta rage yin fitsari, baƙuwar ƙoda kuwa takan jima kafin ta bi tsarin. Melatonin mai kawo barci duhu yake so, masu wankin ƙoda nasu yakan rikice. Uwargida na jin haka ta fara ƙwace wayata bayan isha'i.

Bugun jinin mai lafiya yakan sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari in yana barci. Nawa ya ƙi, aka mayar mini da ƙwaya ɗaya dare.

Takrolimus, maganin da ke hana jiki ƙin sabuwar ƙodar, shi ne ba ya karɓar uzuri: takwas na safe, takwas na dare, ranar gwaji kuma sai an ɗebi jini kafin a sha. Ana haka aka fara duban watan Ramadan. Yadda muka kwashe da likita a kan azumi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.