Allurar da aka ce a bari sai Talata

Jiya na miƙa makullin firjin rigakafi, bayan shekara 11 a wannan asibitin. Cikin duk haihuwar da na karɓa, ɗaya ce ta ƙi fita daga raina.

Matar ta fara awo tun cikinta na wata huɗu, jikinta mulmul, ba zazzaɓi, idonta fari fat ba alamar shawara. Lokacin kayan gwajin ciwon hanta nau'in B sun ƙare mana. Na dube ta na ce ai wannan lafiyarta ƙalau, ban ko tura ta wani wuri ta yi ba.

Daren Juma'a ta sauka. Na tashi zan buɗe kwalbar allurar hanta, sai shugabarmu ta ce, "Sista, kwalbar mutum goma za ki fasa saboda jariri ɗaya? Su dawo Talata." Na san cikin awa 24 da haihuwa ake yi wa jariri ita, don kada ya ɗauki cutar daga uwa. Na san kwalbar da aka buɗe tana kai kwana 28 muddin tana firji. Amma na ja bakina na yi shiru. Talata ba su zo ba, sai bayan arba'in.

Da ta dawo da ciki na biyu aka gwada ta, ashe tana ɗauke da cutar. Aka gwada yaron, shi ma haka. Ta kama hannuna tana cewa, "Anti, ni fa ko ciwon kai ba na yi." Ai halin cutar ke nan. Sai ta yi shekara 20 ko 30 tana cin hanta a ɓoye, ba a farga ba sai ciki ya kumbura ko daji ya kama. Babba in ya kamu, galibi jikinsa yana kore ta. Jarirai kuwa, kusan tara cikin goma zama take yi musu.

Da aka zo bincike, sa hannuna aka gani a rajista. Ita shugabar cewa ta yi ba ta tuna ba. Na ɗauki rabona na laifin, nata kuwa har yau ban ji ta ambata ba.

Ƙannena da na bari a ɗakin haihuwa, umarnin da ya saɓa ƙa'ida ku ce a rubuta muku. Kowace mai awo a gwada ta, komai kyan jikinta. Daga wancan daren ban sake sallamar mai jego ba sai na ga allurar a cinyar jaririnta. Ragowar kwalbar da na buɗe shekaranjiya tana firji, na rubuta kwanan wata a jikinta.