Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kwana Huɗu da Kawu a Titunan Alƙahira

A makon jiya na tsaya a inda likita ya sallami Kawu bayan aikin idon da aka yi masa, ya kuma ce kada ya koma gida sai an sake duba shi bayan mako guda, amma ya yarje masa fita muddin zai sa baƙin tabarau. A lokacin ina shekarata ta uku a Jami'ar Azhar, ina zaune a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, saboda haka zagayawa da shi ta rataya a wuyana. Da na tambaye shi abin da yake son gani, sai ya ce: "Ɗana, idan na koma Katsina dala da gawar Fir'auna kaɗai za a tambaye ni, mu fara sauke wannan nauyin, sauran kuma na bar maka wuƙa da nama."

Mun yi sammako zuwa Giza tun rana ba ta yi zafi ba. Babbar dalar, wadda aka gina wa sarki Khufu kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali ya kai mita 146, kuma sai mutum ya tsaya a gindinta yake gane girman duwatsun, domin na jerin ƙasa sun kai wa Kawu ƙirji. Ya dafa ɗaya da tafin hannunsa, ya daɗe bai ce uffan ba. Shawarata ga duk wanda zai je ita ce ya gama ciniki da mai raƙumi kafin ya hau, don wanda muka samu sai da Kawu ya hau sannan ya ninka kuɗin. Da yamma muka shiga gidan tarihi na dandalin Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, muka ga gawar Ramsis na Biyu, wadda jama'a da dama suke ɗauka ta Fir'aunan zamanin Annabi Musa ce, ko da yake masana sun saɓa a kan haka. Wanda zai je yanzu ya sani cewa tun 2021 aka mayar da gawarwakin sarakunan zuwa sabon gidan tarihi da ke Fusɗaɗ, tsohuwar unguwa a Alƙahira.

Rana ta biyu ce nake ɗokin zuwanta, domin a ganina baƙon da ya ga dala ya juya bai ga Alƙahira ba. Na kai shi Masallacin Azhar, wanda Jauhar, kwamandan daular Faɗimiyyawa, ya aza harsashinsa a shekara ta 970. Muka tuɓe takalma a ƙofa, muka taka farin marmara na tsakar masallacin, wanda sanyin safiya bai gama barinsa ba. A nan na ba shi labarin ruwaƙai, wato sassan da aka keɓe wa ɗaliban kowace nahiya su kwana su yi karatu, har da na mutanen Barno. Na kuma gaya masa cewa wani malamin garinsu, Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari, ya zauna a wannan birni ya koyar har ya rasu a cikinsa a 1741, a gidan mahaifin al-Jabarti, shahararren marubucin tarihin Masar. Kawu ya cire tabaransa ya share ido, ya ce: "Ashe mu ba baƙi ba ne a nan." Tun daga wannan lokaci tafiyar tasa ta sauya, ya daina kallon gine-gine kamar mai yawon buɗe ido, ya koma tambayata wane ne ya zauna a nan, wane ne aka binne a can.

Daga Azhar muka tsallaka zuwa kasuwar Khan Khalili, inda 'yan kasuwa suke ta kiransa "Ya Hag", ya sayi carbi da turare bayan doguwar tayayya, muka sha shayi da na'ana'a. Abincin rana kuwa kushari muka ci, haɗin shinkafa da taliya da wani ƙaramin wake da suke kira adas, a zuba miyar tumatir da soyayyar albasa a kai.

A rana ta uku muka hau Ƙal'a, ganuwar da Salahuddin al-Ayyubi ya fara ginawa a 1176, inda mutum yake hango hasumiyoyin birnin birjik a ƙasa. Muka gangaro zuwa Masallacin Ibn Ɗulun, wanda aka kammala a 879, mai hasumiyar da matakalarta take nannaɗe da ita ta waje. A duk masallatan birnin babu wanda shirunsa yake ratsa ni kamar wannan. Muka ƙarasa Ƙarafa, tsohuwar maƙabartar birnin, muka ziyarci kabarin Imamu Shafi'i da na Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya taɓa aika wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha. Kawu ya daɗe yana addu'a a wurin.

Na shirya mu rufe da yawo a kwalekwale mai filafilai a kan kogin Nilu, amma da gari ya waye a rana ta huɗu sai ya ce in mayar da shi Azhar. Bayan sallar Azahar muka tarar da wani shehi ya jingina da ginshiƙi yana karantar da fiƙihun Malikiyya, ɗalibai sun kewaye shi. Kawu ya naɗe babbar rigarsa ya zauna a ƙarshen da'irar, kuma da ɗalibin da ke jan baƙi ya fara karantawa, sai na ga leɓunansa suna bin nassin da ka, domin littafin da ya karanta ne a zauren malaminsa tun yana saurayi. Ba mu tashi ba sai da aka kira La'asar.

A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan kawo yadda muka koma wurin likita da saƙon da Kawu ya ba ni kafin ya hau jirgi.