Malamin Faransanci a Gombe, wa ke tunawa da shi?

Maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ta malaman harsunan waje a makarantunmu na nan Gombe, musamman mu masu koyar da Faransanci. Ni dai ban ga malamin da ake bari shi kaɗai kamar mu ba. Malamin lissafi in abu ya shige masa duhu juyawa kawai zai yi a ofishin malamai ya tambayi na kusa da shi, amma kai fa kai kaɗai ne a makarantar kakaf, ba wanda za ka ce wa bonjour ya amsa maka da jimla cikakkiya, daga kai sai yaran da kake koya wa.

Shi kuwa harshe in ba a magana da shi tsatsa yake yi. Duk wanda ya je Ƙauyen Faransanci na Badagry, cibiyar koyon harshen da gwamnatin tarayya ta kafa a 1991, ya san yadda ake dawowa daga can baki a sake, da Faransanci ake sayen abinci, da shi ake musu a ɗakin kwana, har mafarki wani da shi yake yi, to amma ka dawo ka shekara biyar kullum aikinka rubuta kalmomin aikatau irin su être da avoir a allo yara suna kwafa, wallahi ranar da ka haɗu da ɗan Kamaru a tasha ya saki magana da sauri sai ka ga kana laluben kalmomi. Ba laifin malamin ba ne, rashin abokin hira ne da rashin bita. 'Yan uwanmu malaman Larabci su ma suna da ƙauyensu da aka kafa a Ngala ta jihar Borno, kuma su da ɗan sauƙi tunda ga Islamiyya ga majalisun karatu, ko da yake su ma za su gaya maka karanta littafi daban, sakin baki a yi hira daban.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ba wai ba mu da buƙatar harshen ba ne. Nijar, Chadi, Kamaru, Benin, duk maƙwabtanmu da Faransanci suke aikin ofis. Daga nan ka bi hanyar Yola ba ka jima ba ka kai Garwa. Hedkwatar ECOWAS a Abuja take, hukumar tafkin Chadi tana Njamena, in an tashi ɗaukar ma'aikata mai harshe biyu ne a gaba, yaranmu kuma suna kallo. Tun 1996 zamanin Janar Sani Abacha aka yi shelar Faransanci zai zama harshen hukuma na biyu, yau shekara nawa kenan?

Amma je ka duba jadawalin darasi a makarantu da yawa. Faransanci shi ne a ƙarshe, bayan rana ta take, yara sun ji yunwa sun ƙagu a kaɗa ƙararrawa. In kuma aka rasa malamin wani darasin sai shugaban makaranta ya kira ka, Malam ka taimaka ka riƙe mana wannan tukuna, daga tukunan nan shikenan an mayar da kai malamin wani fanni. Wata malama da na sani da kuɗinta ta sayi 'yar ƙaramar sifika, tana haɗa ta da wayarta tana kunna wa yara hira, ka ga aji ya yi tsit ana kasa kunne, wata yarinya a baya tana maimaitawa a hankali tana gyara bakinta wajen furta harafin r ɗin nan na maƙogwaro. Cajin wayar da datar duk daga albashinta.

Ni a ganina jiran sai an kira mu bita ya ishe mu haka. Mu fara haɗuwa da kanmu, ko sau ɗaya a wata, a ari aji guda, awa biyu ba Hausa ba Turanci. A saurari labaran RFI na sauƙaƙƙen Faransanci a tattauna, wani ya tashi ya gwada darasin da zai koyar a mako mai zuwa sauran su gyara masa. Wanda ke da hali ya zana jarrabawar DELF ta tantance iya Faransanci, satifiket ne da ake ganin girmansa har a waje, akwai cibiyar koyar da Faransanci ta Alliance Française a Jos da Kano.

Sannan ƙungiya. Akwai ta malaman Faransanci ta ƙasa wato NAFT, akwai ta dukkan malamai wato NUT da ake cirar mana kuɗinta duk wata, mu shiga mu riƙa halartar taro a san da zamanmu. Kuma in za mu je SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, ko ma'aikatar ilimi kar mu je da ƙorafin baki, mu je da takarda, ga makarantun da ba su da malami ko ɗaya, ga malaman da aka karkatar zuwa wani darasin, ga abin da muke roƙo, a sa mu cikin jerin bita kamar kowa, a riƙa tura ko mutum kaɗan ne Badagry lokacin dogon hutu.

Haɗuwar dai a sa ta Asabar da safe, saboda malamai mata masu yara ƙanana da waɗanda za su taso daga Kumo, Billiri ko Dukku su samu su koma gida da wuri.