Ƙafa ta 12 ce ta ɗauke ja

Wani mai gidan gem a Sabon Gari ya kawo mini tsohon allon injin wasa, wai launin ja ya ɓace daga hoto. Soket ɗin da ke haɗa allon da injin irin na JAMMA ne, wato tsarin haɗi na injinan wasa, mai ƙafa 56, kowane gefe 28. Ni dai wuta nake fara aunawa: 1 da 2 layin ƙasa, 3 da 4 volt 5, ta 6 volt 12. Duk lafiya lau.

Ja yana ƙafa ta 12, shuɗi ta 13, kore kuwa yana bayan allo, gefen dalma. Ƙurar hunturu ce ta daskare a ta 12, magogin fensir ya isa.

Z80 kam, wato cif ɗin da ke aikin ƙwaƙwalwa a wasu tsofaffin allunan wasa, sai an kula wajen auna wutarsa. Wutarsa ba a kusurwa take ba kamar yawancin ƙananan cif na jerin 74LS. Volt 5 na ƙafa ta 11, ƙasa na 29.